YADDA AKA GINA RUMBUN ILMIN KIFI A KAN INTANET

Kwanakin baya na shiga wani aji inda ɗaya daga cikin ɗalibanmu masu koyon aikin malanta ya ke gwajin koyarwa, darasin kuwa a kan kifi ne. Ya zana kifi a jikin allo, zane mai kyau ƙwarai, wanda ya kwaikwayo daga wani littafi da aka buga a Turai. Garin a bakin gulbi ya ke, yaran ajin kuwa da yawansu 'ya'yan masunta ne, tun kafin su san baƙi da wasali sun san fatsa da birgi. Suka yi tsit suna kallon allo. Can sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wannan wane kifi ne? Ba shi da gashin baki irin na tarwaɗa, ba shi kuma da ƙaya irin ta ƙurungu." Malam ya duba littafi, ya faɗi sunan da Turanci, ya wuce gaba.

Ni dai ban ga laifin saurayin nan ba. Abin da muka ba shi, shi ya kai aji. Amma abin ya tsaya mini a rai, domin ilmin da yaron nan ya ke nema akwai shi a ajiye, kyauta kuwa, kuma wayar da ke cikin aljihun malamin ta isa ta kai shi wurin. Sabo da haka na ga ya kamata in ba masu karatu, musamman malaman makaranta da akawuna, labarin wani shafi na intanet da a ke kira FishBase, da yadda aka gina shi, da irin wahalar da aka sha. Na ambaci akawuna da gangan, domin idan mutum ya bi labarin zai ga yawancin aikin nan aikin akawu ne, watau rubuta abu daidai a gurbinsa, da faɗin inda aka samo shi.

Kafin mu shiga, bari mu ga dalilin da ya sa zancen ya wuce na nishaɗi. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda a ke kira FAO, ta bayyana cikin rahotonta na 1924 da ɗari, watau 2024, cewa a shekarar 2022 kifi da sauran dabbobin ruwa da aka kiwata sun kai tan miliyan 94.4. Wannan kashi 51 ne cikin 100 na dukan abin da duniya ta samu, kuma shi ne karo na fari da kiwo ya ɗara su. Sana'ar da a da a ke gadonta kaka da kakanni a bakin ruwa, yanzu rabinta ta koma sana'ar da sai an koya, da awo da lissafi. Wanda zai koyar da ita kuwa lalle ne ya sami inda zai ɗebo.

ASALIN AIKIN

Mutumin da ya fara tunanin abin sunansa Daniel Pauly. An haife shi a Faris cikin 1946, ya yi karatun ilmin kifi a jami'ar Kiel ta ƙasar Jamus. Tun yana ɗalibi, cikin 1971, ya zo Gana ya yi bincike a kan wata irin karfasa a tafkin Sakumo da ke bakin teku kusa da Tema, daga baya kuma ya yi aiki a Indunusiya. A can ne ya ga wata matsala da ta dame shi. Dabarun lissafin kifi da aka koya masa an tsara su ne domin tekunan ƙasashen sanyi, inda irin kifin da a ke kamawa kaɗan ne, inda kuma hunturu ya ke barin alama a jikin ɓawon kifi ko wace shekara, har a iya ƙidaya shekarunsa kamar yadda a ke duba haƙoran doki. A ƙasashen zafi kuwa, jan taru ɗaya ya kan fito da iri masu ɗimbin yawa, alamar shekarun nan kuma ba ta fita sosai. Wanda ya ke so ya san ko su ya yi yawa a wani ruwa, dole ya san saurin girman ko wane iri, da lokacin da ya ke fara ƙwai. Bayanin nan akwai shi, amma a warwatse, wani a rahoton gwamnati da ya yi ƙura a kabad, wani a mujallar da ba ta zuwa ƙasashen da su ke bukatarta.

Sai Pauly ya shiga tattara su da hannu, yana rubutawa a kan 'yan katuna, ko wane kifi da katinsa, har ya tara na ɗaruruwan iri. Cikin 1979 ya kama aiki a wata cibiyar binciken albarkatun ruwa mai suna ICLARM a birnin Manila na ƙasar Filifin. Da ƙananan kwamfutoci suka fara yawa, ya ba da shawara a juye irin wannan bayani a cikinsu. Cikin 1988 aka kira wani Bajamushe, Rainer Froese, shi ma daga Kiel, ya zo ya tsara yadda za a yi, cikin 1990 kuma aikin ya kankama da kuɗin da Hukumar Tarayyar Turai ta bayar. Aka ɗauki ma'aikata 'yan Filifin waɗanda suka karanta ilmin halitta, da yawa daga cikinsu mata, aikinsu kullum shi ne su karanta littattafai da rahotanni, su tsamo abin da ke ciki, su shigar.

Ƙa'idodin da suka kafa tun ran fari su ne suka riƙe ginin har yau. Ba su yarda a rubuta labarin kifi a dunƙule ba kamar yadda na ke rubuta wannan. Sai suka yi jadawali jadawali, kamar rajista mai layi da gurbi: wannan na tsawo da nauyi, wannan na abincin da kifin ke ci, wannan na ƙwai da lokacin zuba shi, wannan na ƙasashen da a ke samunsa, wannan na cututtukansa. Amfanin haka shi ne, kwamfuta ba ta iya kwatanta hira da hira, amma tana iya kwatanta lamba da lamba, ta gaya maka cikin ƙiftawar ido waɗanne kifaye ne su ke cin tsiro kuma su ke jure ruwa mai zafi. Daɗin daɗawa, ba a shigar da ko da lamba ɗaya sai an rubuta kusa da ita littafin da aka samo ta, da wanda ya rubuta shi, da shekara. In mai karatu ya ga abin da bai gamshe shi ba, yana iya bin sawu har gindin maganar, ya kuma rubuta musu su gyara.

RIKICIN SUNA

Abin da ya fi ba su wahala shi ne suna, kuma a nan na ke so in ɗan daɗe, domin duk akawun da ya taɓa riƙe rajista ya san wannan ciwo. In aka rubuta mutum ɗaya da suna biyu a shafi biyu, ko dai a neme shi sau biyu, ko kuwa ya ɓace a tsakani. Haka kifi ya ke. Masana suna ba ko wane iri suna na Latin mai kalma biyu, bisa tsarin da Linnaeus mutumin Suwidin ya kafa, wanda a wajen dabbobi a ke ƙidaya farkonsa daga 1758. To, amma cikin shekaru ɗari biyu da wani abu, mutane dabam dabam sun yi ta kama kifi iri ɗaya a koguna dabam dabam, ko wa yana tsammani shi ya fara ganinsa, ya raɗa masa suna.

Ga misali a kan tarwaɗarmu. Wani Baturen Ingila, Burchell, ya bayyana ta cikin 1822 daga Afirka ta Kudu, sunan da ta ke ɗauke da shi yanzu, Clarias gariepinus, daga sunan kogin Gariep aka samo shi. Amma tsofaffin littattafan Afirka ta Yamma da na Masar suna kiranta Clarias lazera, na gabashin Afirka kuwa Clarias mossambicus. Sai cikin shekarun 1980 wani masani ɗan Beljiyam, Guy Teugels, ya auna samfura daga sassan nahiyar, ya nuna duk kifi ɗaya ne. Karfasar nan kuma da a ke kiwo ko ina a duniya, littafin da malam ya karanta a da yana ce mata Tilapia nilotica, an taɓa mai da ita Sarotherodon niloticus, sa'an nan wata Baturiya masaniya a Landan, Ethelwynn Trewavas, ta tabbatar da ita a kan Oreochromis niloticus cikin babban littafinta na 1983. Ɗalibin da bai san wannan ba zai ɗauka kifi uku ne, ya yi ta neman bambancinsu har ya gaji.

Maganin da masu FishBase suka yi shi ne, ba su jefar da tsohon suna ba. Sun ajiye ko wanne, sun ɗaura shi a jikin sunan da aka yarda da shi, ta yadda in ka rubuta lazera za a kai ka ga gariepinus, a kuma gaya maka dalili. Wajen tace sunayen sun dogara ƙwarai ga aikin William Eschmeyer na Kalifoniya a Amurka, wanda ya shafe shekaru yana bin sunayen kifin duniya ɗaya ɗaya, aka buga kundinsa cikin 1998.

Sa'an nan suka yi wani abu wanda a ganina shi ne ya mai da aikin daga na masana kaɗai zuwa na makaranta. Suka ce ba za a tsaya ga Latin ba, sai an tattara sunayen da mutane ke kiran kifi da harsunansu. Yau akwai irin waɗannan sunaye fiye da 300,000 a ciki, na ɗaruruwan harsuna, har da wasu na Hausa, kamar giwan ruwa. Sunayen nan ba daga sama suka faɗo ba. Sai da wasu suka zauna da masunta suka tambaya suka rubuta a takarda tun da daɗewa, kamar yadda aka yi cikin littafin kifayen Nijeriya ta Arewa wanda Ma'aikatar Gona ta buga cikin 1967, wanda cikin marubutansa akwai W. Reed da Ibrahim Yaro. Abin da aka taɓa rubutawa shi a ke iya ɗauka a shigar. Wanda ya tsaya a bakin tsofaffi kuwa, yana nan a bakinsu.

Amma fa a lura, sunan gida da na Latin ba kullum su ke zuwa ɗaya bisa ɗaya ba. Abin da mu ke ce wa ƙurungu iri ne masu yawa na dangin Synodontis. Karfasa ta ƙunshi aƙalla iri uku da a ke samu a ruwanmu. Ko tarwaɗa ma akwai wata 'yar'uwarta, Clarias anguillaris, wadda ido ba ya raba su da sauƙi, sai an buɗe kunnen kifin an ƙidaya 'yan tsinkayen da ke jikin abin numfashinsa. Wani lokaci kuma akasin haka a ke samu, masunta su ba ƙaramin kifi suna, su ba babbansa wani, alhali iri ɗaya ne. Malamin da ya gane wannan ya sami darasi guda cikakke, ba tare da ya sayi kome ba.

DAGA FAIFAI ZUWA INTANET

Da fari a faifan kwamfuta aka riƙa rarraba aikin. Na farko ya fito cikin 1995, aka ci gaba da fitar da sabo shekara shekara ana aikawa ta gidan waya. Aibin faifai shi ne, ran da aka buga shi ran nan ya fara tsufa. Cikin 1996 aka fara sa FishBase a intanet, a hankali har dukan abin da ke faifan ya koma can, inda a ke sabunta shi sau da dama a shekara, ko wa kuma ya shiga ba da biyan ko kwabo ba. Aka ajiye kwafinsa a ƙasashe dabam dabam, domin in na wata ƙasa ya tsaya na wata ya ɗauka. Yanzu yana ɗauke da bayanin kifi fiye da iri 35,000, wanda aka tsamo daga littattafai da rahotanni fiye da 50,000, da taimakon masana da masu ɗaukar hoto fiye da 2,000.

Kada mai karatu ya zaci tafiyar sumul aka yi. Masu ba da kuɗi suna son sabon gini, a yi bikin buɗewa a ɗauki hoto, amma albashin mai shara da mai toshe ɓaraka ba ya burge ko wa. Wanda ya ga yadda famfon burtsatse ke ƙarewa a ƙauye bayan shekara biyu ya san abin da na ke nufi. Cikin 2000 cibiyar ICLARM ta mai da hedkwatarta Penang a ƙasar Malesiya, daga baya ta koma WorldFish, ma'aikatan FishBase kuwa suka zauna a Los Baños cikin Filifin. A shekarar nan ce aka kafa ƙungiyar cibiyoyi da za su riƙe aikin tare, cikinsu har da gidajen adana kayan tarihin halitta na Faris da Stockholm, da cibiyar Kiel, da jami'ar British Columbia ta Kanada inda Pauly ya koma cikin 1994. Daga 2017 wata ƙungiya mai zaman kanta a Filifin, Quantitative Aquatics, ita ta karɓi aikin yau da kullum. Duk da sunan da shafin ya yi a duniya, an sha ganin roƙon gudummawa a fuskarsa.

Kifayen Afirka na ruwan daɗi an danƙa kulawarsu ga gidan tarihin Afirka da ke Tervuren a Beljiyam, inda Teugels ya yi aiki, domin a can akwai tarin samfuran kifin nahiyar nan mai yawan gaske cikin kwalabe. Daga 2005 gidan ya shiga gayyatar masana 'yan Afirka su je su yi 'yan watanni suna koyon tantance kifi da aiki da FishBase. Abin a yaba ne. Amma ni ba na ɓoye cewa akwai abin kunya a ciki, a ce mai son ya san kifin Binuwai sosai sai ya bi ta Beljiyam.

To, me malami zai yi da shi a aji? Yana iya zaɓen ƙasa, a jero masa kifayen da aka tabbatar akwai su a cikinta, na ruwan daɗi dabam na teku dabam, da hotunansu. Akwai wasan tambaya inda a ke nuna hoto ɗalibi ya zaɓi suna. Akwai kuma jagorar darussa mai suna Fish On Line, wadda Pauly da Froese da abokan aikinsu suka shirya domin ɗaliban jami'a, inda maimakon a ba ɗalibi amsa a ke tura shi cikin jadawalin ya nemo da kansa. Ta fi ƙarfin 'yan firamare, amma malamin kwaleji zai sami abin ɗauka.

Wanda na fi so shi ne lissafin tsawo da nauyi. Yawancin kifi, in tsawonsa ya ninka biyu, nauyinsa ya kan ninka kusan takwas, domin yana ƙaruwa ne ta tsawo da faɗi da kauri gaba ɗaya. A ce tarwaɗa mai santimita 20 tana da nauyin giram 60, to, mai santimita 40 za ta kusa rabin kilo. Shafin yana ba da lambobin wannan lissafi na ko wane iri da aka auna. Yaron da ya yi wannan lissafi da hannunsa ba sai an yi masa wa'azi a kan taru mai ƙananan ido ba, ya riga ya ga abin da a ke asara in an kwashe kifi tun yana ƙarami. A kan wannan tunani ne, cikin wani shiri da aka yi tsakanin 2005 da 2008, aka buga wani irin rula mai hotunan kifi, da alama a daidai tsawon da ko wane iri ke kaiwa kafin ya fara ƙwai, aka rarraba a ƙasashe kamar Jamus da Peru da Filifin da Senegal. Mai saye a kasuwa ya ɗora kifi a kai, in bai kai alama ba ya san jariri aka kamo. Dubi yadda ilmin da ya fara daga kati, ya shiga kwamfuta, ya sake fitowa ya zama abin da za a sa a aljihu.

Akwai kuma jadawalin kifayen da aka ɗauka daga wani ruwa aka kai wani, da abin da ya biyo baya. Giwan ruwa, wanda a ke alfahari da shi a Argungu, wanda an taɓa samun mai tsawon mita 2 da nauyin kilo 200, a gidansa ba ya ɓarna, domin sauran kifaye sun saba da shi. Da aka zuba shi a tafkin Victoria na gabashin Afirka cikin shekarun 1950 da farkon 1960, sai ya yi shiru na wani lokaci, sa'an nan cikin shekarun 1980 ya yaɗu ya cinye ƙananan kifayen tafkin, har iri masu yawa waɗanda babu su ko ina a duniya suka ɓace. An sami cinikin kifi zuwa Turai, an kuma yi hasarar da ba ta mayuwa. Duk jami'in da wani ya zo masa da shawarar a kawo baƙon kifi a zuba a madatsar ruwa, ya kamata ya karanta wannan tukuna.

INDA BAI KAI BA

Kada in cika yabo. FishBase kundin sanin kifi ne, ba ya koya wa mutum haƙa tafki. Mai kiwo tambayarsa dabam ce: 'ya'yan kifi nawa zan zuba, abinci nawa zan ba su, me ya sa na tashi da asuba na tarar da karfasa sun taso sama suna haki? Amsar ta ƙarshen ita ce, tsiron nan mai sa ruwa ya yi kore yana ba da iskar numfashi da rana, da dare kuwa shi ma shaƙa ya ke yi, sabo da haka gab da fitowar rana iskar ta fi ƙaranci. Tarwaɗa ta kan tsira domin tana da wata gaɓa a kanta da ta ke shaƙar iskar sarari da ita, shi ya sa ta ke jure cunkoso, shi ya sa kuma ta zama kifin kiwon Nijeriya, ƙasar da ta fi ko wace kiwon wannan iri a duniya.

Irin wannan bayani sai a shafukan FAO, inda ta sa jerin littattafanta na sauƙaƙan hanyoyin kiwon kifi, masu zane zane, a kan ruwa da ƙasa da awon fili da ginin tafki da kula da shi, tana kuma da makarantar intanet mai darussa kyauta. A irin littattafan nan ne mutum zai ga dabarar tsoma hannu cikin tafki har gwiwar hannu: in kana hangen tafinka sarai ruwan ba shi da abinci, in kuwa ya ɓace tun ba ka yi nisa ba koren ya yi yawa. Sai dai da Turanci da Faransanci da makamantansu aka rubuta su, kuma an yi su ne domin ko wace ƙasa, ba su san farashin buhun abinci a kasuwarmu ba, alhali abinci shi ke cin fiye da rabin kuɗin mai kiwon tarwaɗa.

Nan ne aiki ya rage ga mutanenmu. Ba baƙi mu ke ba a wannan fage: an buɗe gonar kifi ta Panyam a ƙasar Filato tun 1951, akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi a New Bussa wadda ta samo asali daga binciken tafkin Kainji cikin 1968, da kwalejin koyar da sana'ar a nan garin. Samari masu iya gina shafin intanet kuma ba su da wuyar samu yanzu. Abin da na ke tsoro shi ne a fara daga ado. Na sha ganin shafuka da aka buɗe da hoton manya da jawabin maraba, in ka shiga ciki ba ka samun ko lamba ɗaya da za ka yi aiki da ita, bayan shekara kuma ka koma ka tarar an rufe domin ba a biya kuɗin haya ba. Masu FishBase sun yi shekara biyar suna cika rajista kafin su fitar da faifan farko, fuskar shafinsu kuwa har yau ba ta da wani kyan gani. Wanda zai yi mana na Hausa, ya fara da tambayar wa zai riƙa shigar da bayani bayan an gama biki, kuma wa zai biya shi. Ya yi shi marar nauyi, yadda ƙaramar waya za ta buɗe shi a inda sabis ba shi da ƙarfi. In zai sa ma'aunin abinci, watau inda mai kiwo zai rubuta kilo nawa ya ciyar da kilo nawa kifin ya ƙaru a raba masa, to, ya kai wa masu kiwo na gaske su gwada kafin ya yi shela. Ya kuma sa murya, domin da yawa cikin waɗanda suka fi mu sanin ruwa ba su karatun boko.

Ɗalibin nan namu na sa shi ya sake darasinsa mako na gaba. Ya biya kasuwa da safe ya sayo tarwaɗa biyu, babba da ƙarama, da ƙurungu ɗaya, ya aro ma'auni wurin mai shago. Yara suka auna tsawo da rula, suka auna nauyi, suka rubuta a allo, sa'an nan ya buɗe wayarsa suka kwatanta da abin da ke cikin shafin. Bayan haka ya buɗe sabon littafin rubutu ya ja layi huɗu: sunan kifi, garin da a ke kiransa haka, wanda ya faɗa, da kwanan wata. Ya ce ko wane yaro ya tambayo mahaifinsa ko kakansa. Yaron nan da ya yi tambaya ran fari shi ya fara kawo nasa, suna bakwai, cikinsu har da minjirya da gaiwa da talibambam, da wasu biyu waɗanda ni kaina ban taɓa ji ba. Mun aika wa Sarkin Ruwan garin a kan in an kama irinsu a ajiye mana, mu ɗauki hoto.